Ƙwaro a cikin kwando: yadda wata masaƙiya a Mishigan ta fuskanci mutuwar itacen sana'arta

Wannan nazari ya bi sawun mace guda, masaƙiyar kwando daga cikin 'yan asalin ƙasar Amurka, tun daga shekarar da aka gano wani baƙon ƙwaro yana cin itacen da take saƙa da shi har zuwa inda al'amarin ya tsaya yanzu. Masaƙiya kawai za mu riƙa ce mata. A gefenta akwai hukumomi da masana da su ma suka yi nasu ƙoƙarin, kuma ba za a fahimci abin da ta yi ba sai an ga abin da su suka gwada.

## Kafin 2002: itacen da sana'ar

An haife ta a 1967, ta tashi a kudu maso yammacin jihar Mishigan, yankin manyan tafkunan nan da ke tsakanin Amurka da Kanada. Jininta na Anishinabe ne, wato gungun ƙabilun Odawa da Ojibwe da Potawatomi, waɗanda ke zaune a wurin tun kafin zuwan Turawa. Saƙar kwando gadon gidansu ce, ita ce tsatso na biyar da aka sani a sana'ar. A hannun mahaifinta da wani ɗan'uwanta ta koya, ita kuma ta koya wa 'yarta.

Itacen da suke saƙa da shi ana ce masa ash. Ba mu da shi a ƙasar Hausa, amma dangin zaitun ne. Yana da nau'o'i, akwai fari, akwai kore, akwai baƙi, kuma baƙin shi ne na masaƙa. Baƙin ash ba ya son tudu. A fadama yake fita, inda ruwa ke kwanciya, inda mai shiga sai ya yi ta fama da laka da sauro. Kuma ba kowace bishiya ake sara ba. Masaƙi na neman wadda ta miƙe sak, ba kulli ba reshe har tsawon mutum ko fiye, sannan ya ɗan sari gindinta ya duba zoben shekarunta. Itatuwan ƙasashen sanyi kowace shekara suna ƙara zobe ɗaya a jikinsu. In zoben ya cika siriri zai karye a hannu, in ya cika kauri ba zai tanƙwaru ba. Sai a duba bishiyoyi da dama kafin a dace da guda. Kafin a sa mata gatari kuwa, al'adarsu ce a ajiye taba a gindinta don nuna godiya.

Daga nan a saɓo gungumen a kafaɗa a fito da shi daga fadama, a ɓare ɓawon, sai duka. Da ƙeyar gatari ake bin gungumen daga wannan kai zuwa wancan, bugu kusa da bugu, a dawo a maimaita. Sirrin baƙin ash shi ne tsakanin zobe da zobe akwai wani sashe mai ramuka-ramuka da bishiyar ke yi a farkon lokacin tohonta. Duka na murƙushe wannan sashen, sai zoben ya ɗago da kansa, a kama a ja ya taho ziri guda, dogo kamar ɗamara. Kowane ziri shekara guda ce cur daga rayuwar bishiyar. A sake tsaga shi biyu, cikinsa ya fito sumul yana sheƙi, a kankare bayansa da wuƙa, a yanka gwargwadon faɗin da ake so. Sai a lokacin ne ake zama a fara saƙa. Mafi yawan wahalar kwando ta riga ta wuce kafin a ɗora ziri na farko a kan na biyu, kuma aiki ne na gida gaba ɗaya: wani na duka, wani na tsaga, yara na kallo suna ɗauka.

Duk wanda ya san masu saƙar faifai da tabarma a wajenmu zai gane yanayin, amma da bambanci babba. Kaba ana yankanta ta sake tohowa. Baƙin ash sai an kayar da bishiyar, kuma kafin wata ta kai girman da za a sara sai an yi shekaru gommai.

## 2002: an gano mai ɓarnar

Shekaru kafin nan bishiyoyin ash na ta mutuwa a unguwannin da ke kewaye da birnin Detroit, a kudu maso gabashin jihar. An ɗora laifin a kan fari, an ɗora a kan wata cuta da aka riga aka sani. Sai a tsakiyar 2002 aka samu wani koren ƙwaro yana fitowa daga gungumen ash, kuma masanan Amurka ba su san shi ba. Wani masanin ƙwari a ƙasar Sulobakiya ne ya tabbatar da sunansa: Agrilus planipennis, ɗan asalin gabashin Asiya, wato Sin da Koriya da Japan da gabashin Rasha. A shekarar aka same shi a Windsor ta Kanada, tsallaken kogi daga Detroit. Ana kyautata zaton a cikin katakon da ake ɗaure kayan jirgin ruwa da shi ya shigo. Binciken da aka yi daga baya a kan zoben matattun bishiyoyi ya nuna ya samu gindin zama tun farko zuwa tsakiyar shekarun 1990. Wato ya yi kusan shekara goma yana ci ba wanda ya sani.

Ƙwaron kansa abin sha'awa ne a ido. Tsawonsa santimita ɗaya da 'yan kai, kore shar mai walƙiya, in ya buɗe fiffike kuma a ga bayansa ja kamar jan ƙarfe. Babban ba ya ɓarna sosai, gefen ganye kawai yake ɗan ci. Tsutsarsa ce bala'in. Macen na saka ƙwai a tsagar ɓawo, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ciki, ta zauna a siririn sashen da ke tsakanin ɓawo da katako, inda abinci da ruwan bishiyar ke bi. Tana ci tana tafiya a karkace, hagu da dama, kamar sawun maciji a rairayi. In ka ɗaga ɓawon bishiyar da ta kamu za ka ga hanyoyin sun sarƙe da juna, cike da garin itace. Idan suka kewaye gindin, hanyar abinci ta yanke. Ganyen sama ya fara ƙaranci, rassa su bushe, bishiyar ta yi ta fitar da toho a gindi kamar mai neman agaji, tsuntsaye masu ƙwanƙwasar itace su zo su fige ɓawon suna neman tsutsa. Cikin shekara biyu zuwa huɗu ta mutu. Alamar fitar ƙwaron ɗan rami ne mai siffar rabin wata, faɗinsa milimita uku zuwa huɗu.

A Asiya bishiyoyin ash sun saba da shi, suna da kariya a jikinsu, ga kuma wasu ƙwari da ke cinsa. Na Amurka ba su taɓa haɗuwa da shi ba. A cikinsu kuma baƙin ash na daga waɗanda suka fi saurin faɗuwa. An ƙiyasta Mishigan kaɗai na da bishiyoyin ash kimanin miliyan 700 a lokacin, Amurka baki ɗaya kuwa wajen biliyan 8.

Ga masaƙiya matsalar ta zo ta fuska biyu. Matacciyar bishiya ba ta saƙuwa, domin busasshen katako ba ya ba da ziri mai laushi. Wadda ke jinya ma zobenta na baya-bayan nan sirara ne masu saurin karyewa.

## 2003 zuwa 2005: sarewa da killacewa

Matakin farko na hukuma shi ne a murƙushe ƙwaron tun bai bazu ba. Duk inda aka same shi a wajen yankin da ya riga ya cinye, sai a sare kowace bishiyar ash da ke cikin da'irar rabin mil, kimanin mita 800, mai ciwo da mai lafiya, a niƙe katakon. An yi haka a Mishigan da Ohayo da Maryland. A Kanada ma sun fi haka tsanani: a 2004 aka share wani ziri na ƙasa a kudancin Ontariyo, faɗinsa kilomita 10, tsawonsa kimanin 30, aka sare ash wajen 80,000 don a yi shinge da ƙwaron ba zai iya tsallakewa ba. Ba a jima ba aka same shi a bayan shingen. Tun kafin a fara saran ya riga ya wuce.

Dalilin faɗuwar wannan dabara a fili yake. Bishiya na iya ɗauke da tsutsa shekara biyu ko uku ba ta nuna alamar komai ba, saboda haka duk iyakar da aka shata, an shata ta ne a inda ƙwaron yake shekarun baya. Ihu bayan hari ke nan. Kuɗin aikin ma ya yi yawa, sai aka bar shi.

Mataki na biyu shi ne dokar killacewa: an hana fitar da gungumen ash da dashensa da itacen wuta daga yankunan da suka kamu. Ƙwaron da fiffikensa ba ya nisa sosai a shekara. Mutum ne ke yi masa dako. Wani zai ɗebi itacen wuta a bayan motarsa ya tafi hutu daji mai nisan kilomita ɗaruruwa, ya ƙona rabi ya bar rabi, a fito da sabon gari na ƙwaro. An kafa wurin binciken motoci a gadar Mackinac, wadda ta haɗa kudancin Mishigan da arewacinta. Duk da haka a 2005 aka samu ƙwaron a wani wurin shaƙatawa na gwamnati a arewacin gadar.

Dokar ta shafi masaƙa kai tsaye, domin gungumen da suke sara shi ne ainihin abin da aka hana yawo da shi. Dangin da suka saba aika wa juna itace daga wannan gari zuwa wancan sai da suka yi hattara, kada su zama su ne masu kai ƙwaron fadamar 'yan'uwansu.

## Daga 2006: masaƙiya ta tara masaƙa

A 2006 ita da 'yarta suna cikin masaƙan da aka gayyata bikin al'adun gargajiya na cibiyar Smithsonian a Washington. Daga shekarar kuma ta fara shirya taruka a kan makomar baƙin ash, da tallafin gidan tarihin 'yan asalin Amurka na ƙasa. Ta haɗa masaƙa daga ƙabilu daban-daban na Amurka da Kanada da masana ƙwari da ma'aikatan gandun daji a zaure ɗaya.

Abin da aka yi musaya a irin waɗannan zama ya tafi ta hanya biyu. Masana suka koya wa masaƙa alamomin kamuwa da yadda ƙwaron ke yaɗuwa. Masaƙa kuma suka nuna wa masana abin da ba ya cikin takardunsu: wace fadama ce ke da bishiyoyin kirki, me ya sa wannan ta saƙu waccan ba ta saƙu ba. Ga masu zuwa daga gabas, irin su ƙabilun Wabanaki na jihar Maine da Haudenosaunee na New York, labarin Mishigan gargaɗi ne daga bakin wanda ya gani da ido. Ƙwaron bai isa Maine ba sai 2018, kuma masaƙan can sun fara shiri da jami'ar jiharsu shekaru kafin isowarsa. A wajen Wabanaki maganar ta wuce sana'a, domin a labarin asalinsu daga jikin bishiyar ash mutane suka fito.

Aiki na biyu da ta sa a gaba shi ne tara iri. Irin ash na da fiffike ɗaya, iska ke ɗaukarsa. Ana tsinko shi da kaka, a zuba a jakar takarda, a rubuta bishiyar da wurin. Wahalar ita ce baƙin ash ba ya yin iri mai yawa kowace shekara, sai bayan shekaru biyar ko fiye ake samun shekarar albarka. In aka kuskure ta, ta yiwu kafin wata ta zagayo uwar ta mutu. Irin da aka tara ana busar da shi a ajiye cikin sanyi mai tsanani, kuma gwamnatin Amurka na da babban rumbun irin tsirrai a Fort Collins ta jihar Kolorado inda ake ajiye irin ash. Masaƙiya ta yi ta koya wa matasa wannan aiki tare da saran itace da dukansa, tana kuma ɗaukar bayanin kowane mataki don ya zauna.

Lissafin da ke bayan wannan gaggawa shi ne na shekaru. A wuraren da masana suka bi diddigi a kudu maso gabashin Mishigan, zuwa 2009 fiye da kashi 99 cikin ɗari na manyan ash sun mutu. Bayan mutuwar iyayen kuma sabon tsiro ya daina fitowa, domin irin ash ba ya daɗewa da rai a cikin ƙasa. Abin da ya rage ƙananan bishiyoyi ne da suka yi wa ƙwaron ƙanƙanta. Idan sai an yi shekaru gommai kafin a sake samun gungumen saƙa, to dattawan da suka iya zaɓen bishiya ba za su kai ba, yaran da za su kai kuma ba su da bishiyar da za su koya a kanta.

## 2007 zuwa 2015: allura, zanzaro da kogi

A ɓangaren masana an samu abubuwa uku.

Na farko magani ne mai suna emamectin benzoate, wanda aka fara amfani da shi a Mishigan a 2008. Ana huda gindin bishiya a yi mata allurarsa, ya bi jijiyoyinta ya kashe kusan duk tsutsar da ke ciki, kuma yana riƙewa shekara biyu ko ɗan fiye. Ya ceci bishiyoyi masu yawa a bakin tituna da ƙofar gidaje. Sai dai bishiya ɗaya-ɗaya ake yi wa, da kuɗi, kuma dole a riƙa maimaitawa. Ba wanda zai iya bin fadama yana yi wa dubban bishiyoyi allura. Iyakar amfaninsa ga masaƙa shi ne a zaɓi 'yan iyaye a raya su don su ci gaba da ba da iri.

Na biyu wasu ƙananan zanzaro ne marasa harbi da aka kawo daga Sin, abokan gabar ƙwaron a gidansu na asali. An fara sakin nau'i uku a Mishigan a 2007, aka buɗe wurin kiwonsu a garin Brighton, a 2015 kuma aka ƙara nau'i na huɗu daga gabashin Rasha. Wasu na saka ƙwansu a cikin ƙwan ƙwaron, wasu a jikin tsutsarsa. Ba su ceci manyan bishiyoyi ba, domin ƙwaron ya riga ya yi musu yawa. Ɗaya daga cikinsu dai ya zauna da gindinsa, kuma tsinkensa na saka ƙwai gajere ne, bai iya huda ɓawo mai kauri, saboda haka ƙananan bishiyoyi masu siririn ɓawo yake karewa. Waɗannan kuwa su ne marayun da suka rage.

Na uku ya fito ne daga cikin sana'ar kanta. Masaƙa sun daɗe suna jiƙa gungume a ruwa don kada ya bushe kafin a dake shi. Masanan hukumar gandun daji ta Amurka, tare da wasu masaƙa 'yan Potawatomi na Mishigan, suka gwada nutsar da gungumen da ya kamu a cikin kogi. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna in ya yi wata uku zuwa huɗu da ɗoriya a ƙarƙashin ruwa, gwargwadon lokacin shekara, tsutsar duk ta mutu, kuma katakon na ci gaba da saƙuwa ko da ya wuce shekara a nutse. Wannan ya ba masaƙa damar sare bishiyar da ajalinta ya zo tun tana da amfani, su adana, su kuma ɗauke ta ba tare da ɗaukar ƙwaro ba. Jinkiri ne aka samu na watanni, amma da tsohuwar zuma aka yi maganin.

## Saƙa ba da itace ba

A tsakanin waɗannan shekaru masaƙiya ta gwada saƙa da wasu abubuwa. Ta yi kwanduna da zirin labulen taga na roba, irin wanda ake ja da igiya, ta yi da zirin ƙarfe. Hannu ɗaya ne, salon saƙa ɗaya ne, daga nesa ma sai ka ɗauka kwandon gado ne. Ta yi su ne don mai kallo ya ga abin da jikoki za su riƙe in itacen ya ƙare.

A matsayin madadi, roba ta riƙe rabi ta saki rabi. Ana iya koya wa yaro sarƙa ziri da ita a ɗakin aji. Ba za a iya koya masa shiga fadama ba, ko karanta zobe, ko nauyin hannun da ake dukan gungume da shi, kuma mun riga mun ga nan ne mafi yawan sana'ar take.

## 2018 zuwa 2019: ƙwai mai ɗauke da ƙwaro

A 2018 ta saƙa aikin da ya fi kowane fita da maganar waje. Kwando ne mai siffar ƙwai, mai murfi, wanda ta ɗauko tunaninsa daga ƙwayayen ado na gwal da lu'ulu'u da aka riƙa ƙera wa sarakunan Rasha. Nata na baƙin ash ne da ciyawa mai ƙamshi. Ta rina zirin kore, ta sarƙa jan ƙarfe a tsakani yana ƙyalli, wato launin ƙwaron sak: koren fiffike da jan baya. Mai kallo zai fara da sha'awar kyansa kafin ya san abin da launin ke nufi.

A cikin ƙwan akwai abu biyu. Ɗaya 'yar kwalba ce mai ɗauke da ƙwaron kansa, matacce. Ɗayan ɗan filash ne na kwamfuta, wanda ta zuba wa bayanin yadda ake zaɓen baƙin ash da sara da duka da tsagawa. Na daɗe ina juya wannan haɗi a raina. Itacen da aka kashe, da wanda ya kashe shi, da wasiyyar yadda za a dawo da sana'ar, duk a abu ɗaya da za a iya riƙewa da hannu biyu.

A shekarar ce hukumar tallafa wa fasaha ta Amurka ta ba ta lambar girmamawa mafi girma da ƙasar ke bai wa masu sana'ar gargajiya, wadda ke tafe da dala 25,000. A 2019 aka nuna ƙwan a wani babban baje kolin ayyukan mata 'yan asalin Amurka a gidan fasaha na Minneapolis, wanda daga baya ya zaga wasu birane har da Washington. A baje kolin akwai aikin 'yarta: kwando na baƙin ash da aka saƙa da siffar jikin mace mai ciki. Shekara guda kafin ƙwan, a 2017, ƙungiyar kare halittu ta duniya ta riga ta sa nau'o'in ash biyar na Arewacin Amurka, har da baƙin, a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa.

## 2020 zuwa yau

Asarar ta isa ga makaɗa ma. Kamfanin Fender, wanda tun shekarun 1950 yake ƙera jikin wasu jitocinsa na lantarki da katakon ash mara nauyi daga fadamun kudancin Amurka, ya sanar a 2020 cewa zai daina amfani da shi a yawancin jitocin da yake fitarwa. Ya ba da dalili biyu: ƙwaron, da ambaliyar da ke daɗewa a yankin kogin Misisifi tana hana shiga saran itace. Kamfanin ya koma ga wasu katakai, sana'arsa ta ci gaba.

A watan Janairun 2021 gwamnatin tarayyar Amurka ta janye dokar killacewar da ta kafa, ta mai da ƙarfinta ga kiwon zanzaro. Wasu jihohi sun riƙe tasu dokar. Ƙwaron ya shiga jihohi fiye da 30, a 2022 ya ɓulla a Oregon, can gaɓar yamma, kuma bishiyoyin da ya kashe sun kai ɗaruruwan miliyoyi. A Ohayo masanan gandun daji na tattara 'yan tsirarun ash da suka tsira a tsakiyar matattu, suna haɗa su aure don a samu iri mai juriya. Masaƙiya na nan tana saƙa tana koyarwa.

## Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Sarewa ta faɗi, kuma ta faɗi ne don ba a iya ganin ƙwaron da wuri. Killacewa ta rage gudu ba ta tsayar ba. Ina ganin duk da haka ba a yi asararta ba, domin shekaru 16 da ke tsakanin Detroit da Maine su ne suka ba masana lokacin samo allura da zanzaro, suka ba masaƙan gabas lokacin tara iri. Allura ta birni ce. Zanzaro na ƙananan bishiyoyi ne, kuma sai nan gaba za a san ko za su raka su har girma.

Aikin masaƙiya bai ceci fadamun kudancin Mishigan ba, kuma ba adalci ba ne a auna shi da wannan ma'auni. Matsalar da ta ɗauka tata ce ta daban: giɓin shekaru tsakanin bishiyoyin da suka mutu da waɗanda ba su girma ba, da yadda ilimi zai haye wannan giɓi. A nan ta yi nasara gwargwado, kuma dalilai uku nake gani. Ta fara da wuri, shekara huɗu kacal bayan gano ƙwaron, lokacin da akwai sauran iyayen da za a tsinki irinsu. Ta sa masaƙa da masana zama wuri ɗaya, kuma dabarar nutsar da gungume ta nuna irin amfanin da ke fitowa in ɓangarorin biyu suka saurari juna. Sannan ta sa hujjarta a cikin kwandon kansa. Wanda ba zai taɓa buɗe rahoton hukumar gona ba ya tsaya gaban ƙwan nan a Minneapolis, ya tambayi me ke cikin kwalbar.

Kwatanta ta da Fender na nuna inda nauyin ya fi sauka. Mai ƙera jita na da wani katako da zai koma wa, sautin ya ɗan sauya, kasuwa ta ci gaba. Masaƙin Anishinabe ba shi da itacen da ke rabuwa zobe-zobe kamar baƙin ash a fadamarsa, kuma roba ta nuna iyakarta. Mu ma ba baƙin irin wannan ba ne gaba ɗaya: a shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai maƙalewa a ganye, shi ma ɗan asalin Asiya, ya addabi bishiyoyin dogon yaro a yankin Tafkin Chadi.

Raunin da nake gani a dabararta yana cikin filash ɗin. Na'ura ce da ke tsufa da sauri fiye da bishiya, kuma ba tabbas kwamfutar shekaru hamsin masu zuwa za ta karanta shi. Ko ta karanta, hoto da bayani ba sa sa wa mutum nauyin gatari a hannu. Shi ya sa nake ɗora fatana a kan yaran da ta kai fadama fiye da abin da ke cikin ƙwan. Wanda ya daki gungume yana ɗan shekara 15 a 2010 zai kasance yana da shekara 55 a 2050, lokacin da wasu daga cikin ƙananan bishiyoyin da zanzaro ke karewa yau za su iya kai girman sara, in sun rayu.